Inda Kakarki Ta Yi Shiru

Zuwa ga jikata Injiniya,

Gaisuwa mai yawa daga tsohon nan da kika taɓa cewa biro zai fi ƙarfinsa. Ina fatan kina lafiya, aiki kuma bai cinye ki ba. Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwar hagu, ita kuwa ta girme ki, don haka ba zan kawo miki ƙararta ba.

Na san yayanki ya riga ni a waya, amma maganar waya iska ce, ni so nake in ga abin da rubutun hannuna. Matar yayanki ta sauka lafiya, namiji. Na ga tattaɓa-kunnena da idona. Lokacin da nake zuwa ajin yamma da furfurata, ina kokawa da baƙaƙe har gumi ya jiƙa takarda, ashe don in rubuta wannan layin nake wahala. Da aka miƙo mini shi bai kai rabin nauyin kan keken ɗinki ba, amma da ƙyar na riƙe shi, ni da na ƙare ƙuruciyata ina ɗaga kekuna ina gyarawa. Hancin nawa ne. Duk wanda ya ce miki ba haka ba, hassada ce.

To, ga abin da ya sa kika ga ƙullin ƙyalle cikin ambulan. 'Yar filash ɗin nan ce da muryar kakarki ke ciki. Kin tuna da ciwo ya zaunar da ita ta koyi yin magana cikin waya, tana zaune a kujerarta ta bakin taga tana ta zuba, daga faɗa sai addu'a sai labarin mutanen da babu su. Bayan rasuwarta yayanki ya kwashe maganganun ya zuba a 'yar abar nan, wayar kuma daga baya ta faɗa ruwa ta mutu. Ke nan babu muryarta a ko'ina sai nan. Kullum da safe ina soka ta a ƙaramin rediyona, mu yi hirarmu.

Ranar da aka dawo da jaririn gida na ce bari ya ji muryar tsohuwa. Na ajiye rediyon kusa da shimfiɗarsa. Muna cikin haka batir ya yi sanyi, yayanki ya zare ta don ya kai rediyon caji. Da aka mayar, babu murya. Sai wani huci kawai ke fitowa, a hankali, kamar mutum ya tsaya a bayan ƙofa yana numfashi bai yi sallama ba. Matar yayanki ta ce don Allah in kashe, tsigar jikinta na tashi.

Na kai wa mai shagon waya na bakin titi. Ya soka a kwamfutarsa, ya ce sai an yi mata fomatin. Na tambaye shi ma'ana, ya ce wanke ta za a yi tas. Na ce masa an riga an wanke ta sau ɗaya, ina tsaye a bakin ƙofa ana yi, ba za a sake ba. Ya dube ni kamar wanda ya taɓu. Na karɓi abata na fito.

Ke ce mai ilmin abin. Ga ta nan na ba direban da ke bi ta wajenku. Kada ki bari kowa ya wanke ta.

Kakanki mai farin ciki.

*

Baba Tsoho,

Takardarka ta iso, ƙullin ma ya iso lafiya. Ina taya ka murna, amma an turo mini hoton yaron a waya, kuma hancin nan na uwarsa ne, ka yi haƙuri. Ni ƙalau nake, sai dai aiki ya yi yawa, a tsaye nake rubuta wannan don direba yana jira.

Ka kyauta da ka hana mai shagon. Bari in yi maka bayani da yarenka. Muryoyin da ke ciki ba a dunƙule suke ba, gunduwa-gunduwa ne a warwatse, kamar yadin da tela ya yanka bai haɗa ba. A farkon filash akwai wurin da aka rubuta wace gunduwa ke bin wacce, kamar alamar allin da tela ke sawa. Da Yaya ya zare ta tana cikin aiki, alamar ce ta goge. Yadin yana nan.

Ban taɓa komai a jikinta ba. Abin da na fara yi shi ne na ɗauki hotonta gaba ɗaya, ya kuma fito tsaf, a kansa nake aiki. Alama ta nuna tana nan, ba ta tafi ba.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Akwai gunduwoyi da yawa masu kwanan watan bana, alhali Kaka ta daɗe da rasuwa. Ban saurare su ba tukuna. Wa ke amfani da ita ban da kai? Ka tambayi Yaya ko ya zuba wani abu.

A gaida mai jego. Ka rage tafiya a kan gwiwar nan.

Jikarka.

*

Zuwa ga Injiniya, 'yar albarka,

Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Mai jego ta warware, yaro yana ci yana barci. Maganar hanci kuwa na yafe miki, saboda labarin da kika ba ni ya fi ƙarfin faɗa.

Na karanta takardarki, na kai wurin da kika ce kin ɗauki hotonta, na ajiye, na goge tabarau, na sake karantawa da yatsa a ƙarƙashin kowace kalma kamar yadda malaminmu na ajin yamma ya koya mana. Ba kuskure na yi ba, haka kika rubuta. Kin ɗauki hotonta gaba ɗaya, ya fito tsaf, tana nan ba ta tafi ba. Jikata, kin san matar nan ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Da ta ga an ɗaga waya sai ta kau da kai, ta ce ita ba kayan kallo ba ce. Duk abin da muke da shi gefen kunne ne da bayan ɗankwali. Ban san cewa mai murya yana barin kamanninsa a cikin muryar ba, sai yanzu. Ilmi kogi ne.

Wane zane ta ɗaura? Tana zaune ne ko a tsaye? Da kika ce gaba ɗaya, har ƙafafu ke nan? Ta rame kamar kwanakinta na ƙarshe, ko ta koma yadda take da? Na riga na buga ƙusa a bango, sama da kujerarta. Yayanki ya ce in dakata, wataƙila ba haka kike nufi ba. Na ce masa ni na karanta takardar, ba shi ba.

Game da tambayarki, babu mai taɓa 'yar abar sai ni, yayanki ma ya rantse bai zuba komai ba. Ni kwanan watan bana bai ba ni mamaki ba, don ai bana ma muna hira. Kin san halinta, in ta fara ba ta barin mutum ya sa baki. To akwai wani jan maɓalli a gefen rediyon. Wata rana na danna shi, sai ta yi shiru, wata 'yar fitila ta riƙa ƙiftawa kamar ido. Na ce yawwa, yau ga ki kina saurare. Tun daga ranar haka muke yi. Ta yi nata, in danna ja, in ba ta labarin gida, wanda ya zo, wanda ya yi rashin lafiya, abin da gwiwa ta yi mini. In na gama in sake dannawa, in mayar mata da maganarta. Abin da ban samu ba tana raye, na same shi yanzu. Ranar da aka kawo yaron ma na danna mata ja don ta ji kukansa, fitilar tana cikin ƙiftawa yayanki ya zare.

Tun da kika karɓe ta ɗakin ya yi faɗi. Da hantsi rana tana shigowa ta taga ta kwanta a kan kujerar, matashin nan har yanzu da ɗan lotsawarsa a tsakiya, ko an karkaɗe shi sai ya koma. In aka kwantar da yaron a ɗakina, can yake juya kai. An juya masa shimfiɗa, ya sake juyawa. Uwarsa ta ce haske yake bi. Wataƙila haske ne.

Direba ya ce motarsa tana garejin makanike, ban san yaushe wannan za ta tashi ba. Ki turo hoton da duk wanda kika samu, kada ki jira sai muryar ta gyaru.

Kakanki, wanda ƙusarsa ke jira.

*

Baba Tsoho,

Ka gafarce ni da dogon shirun da na yi. Lafiyata ƙalau, ina fatan kai da mutanen gida haka. Takardarka ta daɗe a hanya, da ma ta iso da wuri, da ta rage mini abin da na sha.

Zan fara da mai zafin. Babu hoton Kaka. Laifina ne, na rubuta cikin sauri da yaren shagonmu na gyaran kwamfuta. A wurinmu in an ce an ɗauki hoton filash, ana nufin an kwafe duk abin da ke cikinta, gunduwa bayan gunduwa, zuwa wani wuri, don in an yi kuskure kada asalin ya lalace. Da na ce tana nan, muryar nake nufi. Na karanta maganar ƙusar nan na kasa ci gaba, sai da na fita waje na dawo.

Yanzu ga abin da ya hana ni rubutu. Da na fara haɗa gunduwoyin, na sa abin sauraro a kunne. Tsakar rana ce, maigidanmu mai shagon ya fita, shagon babu kowa sai ni da ƙarar fanka da kwamfutocin mutane a buɗe a kan benci. Kaka ta fara magana, faɗan nan nata a kan wanda ya bar famfo yana ɗiga. Na yi dariya har da hawaye. Sai ta tsaya a tsakiyar kalma, sai na ji muryarka kana ce mata gwiwa ta hana ka barci. Sai ta dawo tana cewa ai ta gaya maka ba ka ji. Ka ce mata maƙwabcinku mai gyaran takalmi ya rasu, mutumin da na san ya rasu bayanta, sai ta ce Allah ya jiƙan musulmi, kowa da ranarsa. Haka kuka yi ta yi. Na cire abin daga kunnena na zauna ina kallon ƙofa. Kwanaki na yi ban sake buɗe aikin ba, ban kuma gaya wa kowa ba, don ban san yadda zan faɗa ba.

Da takardarka ta iso na gane. Baba, jan maɓallin nan na ɗaukar magana ne. Ba ka yi kuskure ba da ka ce saurare ake yi, amma rediyon ne ke saurare, yana rubuta maganarka a cikin filash ɗin. Kuma alamar allin ta fara lalacewa tun kafin Yaya ya zare ta, don haka rediyon ya riƙa ɗaukar wurin da muryar Kaka take a matsayin fili, yana zuba taka a kai. Shi ya sa kuka sarƙe. Amsoshin da take ba ka tsofaffin maganganu ne da suka faɗo kusa da naka. Inda taka ta hau kan tata kuwa, tata ta tafi, babu mai dawo da ita, ko ni ko wanda ya fi ni. Abin da ya saura ya fi rabi.

Na raba ku. Ga sabuwar filash nan cikin ƙyallenka, muryarta ce kaɗai, a jere yadda ta yi su. Duk inda aka rasa na bar shiru daidai tsawon abin da ya ɓace, ban matse ba, don in na matse sai ta riƙa faɗin abin da ba ta faɗa ba. Wadda kuka sarƙe ban turo ba. Na san za ka so ta, ni kuma ina tsoron ka zauna da ita ka manta da masu rai. Ka ce Yaya ya liƙe jan maɓallin kafin ka soka wannan.

Saura abu ɗaya, na yi ta tunanin ko in ɓoye maka. Gunduwa ta ƙarshe, ta ranar da aka kawo yaron. Ana jin ka kana cewa ga baƙo ya iso, ana jin kukansa. Sai wata murya ta ce, “Wa ke kuka haka? Kawo shi nan.” Da farko na ce ai tsohuwar magana ce ta faɗo wurin kamar sauran. Amma a sauran, in ta fara kai ka tsaya, don lalacewar nan jera abubuwa take yi gefe da gefe, ba ta ɗora sauti a kan sauti. A nan kukan bai tsaya ba. Yana ƙarƙashin muryar tun daga farko har ƙarshe, yana ma raguwa bayan ta yi magana. Na sa wa maigidanmu ya ji. Ya ce mace ce a cikin ɗakin, ƙaramin rediyo yana dusashe murya, in tambaya wa ke wurin. Na ce to. Ban gaya masa cewa na girma ina jin “kawo shi nan” ɗin nan ba.

Ban sa ta a cikin taka ba, don ban san ta wace ce ba. Wurinta yana can ƙarshe, na bar shi shiru. In ka ce in turo, zan turo.

Jikarka, mai neman afuwa.

*

Zuwa ga jikata,

Mun gode Allah, muna lafiya, ina fatan ke ma haka. Yaro ya yi ɓul-ɓul, ya fara gane mutane, in na shigo yana wuntsila ƙafa. Kada ki ƙara neman afuwata, wanda ya dawo wa mutum da fiye da rabin abin da ya rasa ba ya neman afuwa.

Takardarki ta zaunar da ni. Na wuni ina maimaita karatunta. Ashe ko bayan ranta ban bar matar nan ta gama magana ba. Tana raye ina cewa ta cika surutu, ta tafi kuma na bi ta ina taka mata magana da labarin gwiwa. Da tana nan da ta ce ai halin ne, ba a raba mutum da shi. Yayanki ya liƙe maɓallin da baƙin salatif, ya ninka, kamar ni ɓarawo ne. Sarƙaƙƙiyar kuma ki riƙe ta, kin yi daidai, ko da yake da ranar da na karanta kika tambaye ni da mun yi faɗa.

Na soka sabuwar da safe. Jikata, ta dawo, da tarinta, da tsakinta, da yadda take jan numfashi kafin ta yi wa mutum tatas. Na yi dariya har mai jego ta leƙo. Wuraren shirun ne suka fara ba ni tsoro. Tana cikin magana sai ta ɗauke, rediyon yana kunne, ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙudan da ke jikin taga. Kwanakin farko nakan cike wurin da magana. Yanzu na daina, ina zama ne in jira ta. Na iya jira, ashe.

Na tambayi matar yayanki ko ita ta ce a kawo shi ranar nan. Ta yi tunani, ta ce wataƙila, mai jego ba ta riƙe abin da ta faɗa ba. Amma ta ce ita a kwance take a ɗaya ɗakin, da ƙyar take ɗaga murya, kuma ba ta tuna ta shigo ɗakina ba sai da rediyon ya fara hucin nan. Yayanki ya ce a bar maganar. Na bar ta.

Ga abin da nake so ki sani. Jiya da hantsi uwarsa ta kwantar mini da shi ta shiga wanki. Yana ta rigima, na yi jijjiga, na yi tafi, na yi masa kukan akuya, bai kula ni ba. Rediyon yana kan taga, kakarki ta gama addu'arta ta ƙarshe, aka shiga shirun nan da kika bari a ƙarshe. Babu komai a ciki, na kasa kunne, ko huci babu. Yaron ya tsaya da kuka. Ya juya kai wajen kujerar, ya ɗaga hannuwansa biyu sama, irin yadda suke yi in an sunkuyo za a ɗauke su, yana ta washe baki. Da shirun ya ƙare ya sauke hannun ya yi barci.

Na ce ko dacewa ce. Yau na sake jira har aka zo wurin. Haka ya yi. Uwarsa tana tsaye a bakin ƙofa da bokiti a hannu, ta shigo ta ɗauki yaron ta fita. Ita tsoro ta ji, ban ga laifinta ba, na kuma yi mata alkawarin ba zan ƙara kunnawa yana ɗakin ba sai da izininta. Ni kam daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka miƙo mini shi, don abin da ya fi ci mini rai shi ne ta tafi ba su gaisa ba.

Kin ce in na ce ki turo gunduwar za ki turo. Kada ki turo. Ki ajiye ta a wurinki, kada ki goge, kada kuma ki ƙara saurarenta ke kaɗai a shago. Shirun nan ki bar shi yadda yake, babu abin gyarawa a cikinsa. Mu nan ana ji.

In kin sami hutu ki zo ki ga ɗanki, kafin ya fara tafiya.

Kakanki.